Gadarif: Balan-balan ɗin rage teɓa bashi ne mai wa'adin wata shida

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif a lokacin kakar riɗi, wato daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, ya san cewa mutane iri biyu ne ke neman abinci a cikinta. Akwai 'yan dako da ke sauke buhuna daga manyan motoci tun da sanyin safiya, gumi na zuba, babu ko ɗigon kitse a jikinsu. Akwai kuma masu kuɗin da dillalansu, waɗanda aikinsu shi ne zama a kujera da waya a kunne, ana ciniki ana kurɓar shayi. Shekara 10 ko 15 a kan wannan kujera, sai ka ga mutum ya ajiye teɓa, a kuma shiga yi masa barka ana cewa kasuwa ta karɓi Alhaji. Haka abin yake a Gallabat da ke bakin iyakar Habasha, haka yake a Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni. A wurinmu teɓa shaidar rufin asiri ce, rama kuwa ko dai talauci ko ciwo.

To sai dai likitoci ba haka suke kallon lamarin ba, kuma a 'yan shekarun nan wasu daga cikin masu teɓar su ma sun fara gajiya da ita, musamman waɗanda aka shaida wa suna da ciwon sukari ko hawan jini. Ana cikin haka ne tallace-tallacen asibitocin Alƙahira da Dubai da Istanbul da Indiya suka cika wayoyin jama'a ta Facebook da WhatsApp, suna cewa an samu hanyar rage ƙiba ba tare da an tsaga ciki ba. Wai a zura wa mutum balan-balan ta baki, a cika shi da ruwa, ya tashi ya koma masauki a ranar. Larabawa na kiransa balon al-ma'ida. Maganar ba ƙarya ba ce, akwai shi, kuma yana aiki daidai gwargwado. Amma akwai abin da tallan ba ya faɗa, wanda kuma shi ya fi shafar ɗan kasuwar da ke zaune a bakin iyaka: abin nan bashi ne mai wa'adi, ranar biyansa kuwa ba ta ɗaguwa don an rufe hanya.

Abin da aka auna a garin

Kafin mu je ga balan-balan ɗin, ya kamata mai karatu ya san girman matsalar a nan Gadarif, garin da ke cike da 'yan uwanmu Hausawa, jikokin alhazan da suka tako ƙasa zuwa Makka da kuma waɗanda suka yo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A shekarar 2018 wasu likitoci, ciki har da Dokta Sa'id Umar na Jami'ar Gadarif da Farfesa Ishaƙ Adam, sun auna manya kusan 600 a unguwannin garin. Sakamakon da suka wallafa a 2019 da 2020 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na da ƙibar da likita ke ɗauka a matsayin cuta, wasu kashi 27 kuma nauyinsu ya zarce ƙa'ida. Da aka zo awon ƙugu, mutum biyu cikin kowane uku teɓarsu ta wuce kima. Mutum ɗaya cikin biyar na da ciwon sukari, kuma kusan rabin waɗannan ba su san suna ɗauke da shi ba sai ranar da aka auna su. Masu hawan jini kuwa sun kai huɗu cikin goma.

Wani abin lura shi ne kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka auna mata ne. Saboda haka kada maigida ya karanta wannan ya ce matsalar ta 'yan kasuwa ce kawai, domin uwargida da ke cikin gida ita ma tana ciki tsundum, kuma ita ba a cika kai ta awo ba.

Mun sani wani zai ce, ana fama da yunwa wa yake ta ƙiba? Tambayar na kan hanya. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum rayuwa ta sauya a Sudan, har ta kai a watan Agustan 2024 aka tabbatar da aukuwar matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamban 2023, jama'a sun kwararo Gadarif dubbai a kan dubbai, makarantu suka koma gidajen kwana. Amma a cikin waɗanda suka gudo ɗin akwai masu ciwon sukari da hawan jini da suka baro likitocinsu da katunansu da allurar insulin ɗinsu a baya, suka zo suna bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya same su darasi ne da ya shafi maganarmu kai tsaye: duk maganin da ya rataya a kan wani asibiti mai nisa, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin hanyar da za ta kai ka asibitin ba.

Ayarin da teɓa ke ja

Likitoci sun daɗe da lura cewa wasu cututtuka ba sa tafiya su kaɗai, ayari suke yi. Wani likitan Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Gerald Reaven ne ya fito da maganar sosai a 1988, daga baya kuma a 2009 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na sukari suka daidaita a kan alamomi biyar. Na farko faɗin ƙugu. Na biyu bugun jini da ya kai 130 bisa 85. Na uku sukarin jini da ya kai 100 idan an auna kafin karin kumallo. Sauran biyun sai an ɗebi jini a ɗakin gwaji, wato yawan wani maiƙo da ake kira tiragilisarayid idan ya kai 150, da kuma ƙarancin maiƙo mai amfani da ake kira HDL, ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace. Duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin nan ya shiga ayarin, ko da kuwa yana jin kansa garau, kuma zangon da ayarin ya nufa shi ne ciwon sukari da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Madugun ayarin ita ce teɓa. Kitsen da ke taruwa a cinya ko a ƙarƙashin fata bai kai na cikin ciki illa ba, wato wanda ke lulluɓe hanji yana kuma cika hanta. Shi ne ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a ƙone shi. Gaɓar da ke samar da insulin ɗin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta riƙa ninka aiki shekara da shekaru har ta gaji. Ranar da ta gaji ita ce ranar da mutum ke fara tashi fitsari sau biyar a dare.

Awon ƙugun bai buƙatar asibiti, tef ɗin tela ya isa. A auna a daidai saitin cibiya ko ɗan sama kaɗan, ba a ƙasa inda ake ɗaura wando ba. Ƙa'idar da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta bayar ga mutanen Afirka da ƙasashen Larabawa ita ce santimita 94 ga maza, wato inci 37, mata kuma santimita 80. Wanda ba shi da tef ya sami igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita. Idan bakunan ba su haɗu ba, to akwai magana.

Daga ina kitsen yake zuwa? Ba ma son mu ɗora wa agashe laifi, naman da kakanninmu suka koya wa Sudan ci, ko ful da man riɗin da ake karyawa da shi, ko da yake zalabiyar safe ba ta da hujjar kare kanta. Babban ɓarawon yana cikin kofin shayi da na jabana. Ƙasar da ta gina masana'antun sukari irin su Kenana da Sabuwar Halfa ta saba wa bakinta da zaƙi, mu ma da muka zauna a cikinta mun ɗauka. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mutumin da ke shan kofi shida a yini, kowane kofi da ƙaramin cokali uku, ya sha cokali 18, wato kimanin giram 72. A wata ya haura kilo 2, a shekara ya kai kilo 26, rabin buhu ke nan har da ɗoriya, shi kaɗai, ba a sa lemon kwalba da na iyali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini daga duk abin da ya ci ko ya sha, in da hali ma ya tsaya a 6.

Yadda ake sa shi

Na'urar da ake aikin da ita ita ce wadda ake kira minzar a asibitocin Sudan, wani bututu ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Bayan an yi wa mutum allurar barci, likita zai zura shi ta baki ya duba maƙoshi da tumbi, wato jakar da abinci ke fara sauka. Idan babu gyambo ko wata matsala, sai a tura balan-balan ɗin a lanƙwashe, na wata roba ce mai laushi da ake kira silikon, a ɗura masa ruwan gishiri tsakanin mililita 400 zuwa 700. A taƙaice dai, robar ruwa ta rabin lita ce za ta zauna a cikin mutum dare da rana. Aikin bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Balan-balan ɗin na cinye wuri, yana kuma sa abinci ya daɗe bai bar tumbi ba, saboda haka loma kaɗan sai mutum ya ji ya ƙoshi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irinsa na farko wanda ake hura wa iska, amma cikin 'yan shekaru aka janye shi saboda yana sacewa ya toshe hanji, yana kuma jawo gyambo. Mai ruwan ya fito ne a farkon shekarun 1990, Turai da Latin Amurka da ƙasashen Larabawa suka yi ta amfani da shi, ita kuwa Amurka ba ta sake buɗe ƙofa ba sai a 2015, lokacin da ta amince da mai suna Orbera. Wa'adinsa wata shida. Akwai kuma Spatz3 da aka amince da shi a can a 2021, wanda ake iya ƙara masa ruwa ko a rage, shi wa'adinsa a Amurka wata takwas ne.

To nawa ake samu? A gwajin da aka yi wa Orbera kafin a amince da shi, waɗanda aka sa wa sun rage kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu a wata shida, waɗanda aka bari da tsarin abinci da motsa jiki kawai suka rage kashi 3. Wata shida bayan an cire, masu balan-balan sun dawo kashi 7 da rabi, ɗaya ɓangaren na nan a kashi 3. Idan muka ɗauki mutum mai kilo 100, ya sauke kilo 10, bayan shekara ya rage masa bakwai da 'yan kai, alhali da bai je ko'ina ba ya kama bakinsa da ya sauke uku. Ribar tafiyar ke nan, kilo huɗu zuwa biyar, a kan kuɗin jirgi da masauki da na asibiti har sau biyu. Ba za mu raina ta ba, domin sauke ko da kashi 5 zuwa 10 na nauyi yana saukar da sukari da bugun jini da kitsen hanta a zahiri. Amma binciken da aka bi mutane na shekaru ya nuna akasarinsu nauyin na dawowa, sai fa waɗanda suka yi amfani da watannin nan shida suka sauya yadda suke ci. Balan-balan ba ya hana shayi wucewa. Ruwa ne, zai bi ta gefe ya sauka da sukarinsa cif.

Kwanakin farko kuma ba wasa ba ne. Yawancin mutane na fama da tashin zuciya da amai da murɗawar ciki na kwana uku zuwa mako guda, wasu har sai an ƙara musu ruwa, wasu kuma ba sa iya jurewa sai a cire tun kafin lokaci. Tun daga 2017 hukumar FDA ta yi ta aika wa likitoci gargaɗi a kan abubuwa uku: balan-balan ya kumbura da kansa fiye da yadda aka cika shi, ko ya danne fankiriyas ta kumbura, ko tumbi ya ɓule. A watan Afrilun 2020 ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 18 a faɗin duniya tun daga 2015 cikin waɗanda aka sa wa mai ruwan. Idan aka kwatanta da dubban ɗaruruwan da aka sa wa, adadin kaɗan ne, kuma ba duka aka tabbatar balan-balan ɗin ne sanadi ba. Sai dai irin waɗannan matsaloli ana tsira daga gare su ne idan akwai likita da minzar da ɗakin tiyata a kusa, cikin sa'o'i, ba cikin kwanaki ba.

Ranar biya

A nan ne maganar ta zo kanmu. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana cin robar a hankali, shi ya sa aka yanka mata wa'adi. Idan ta wuce lokacinta tana iya hujewa ta sace, ta gangara cikin hanji, wani lokaci ta fita da bayan gida lami lafiya, wani lokaci kuma ta tsaya ta toshe hanya, sai an yi tiyatar da aka guda tun farko. Don haka ne likitoci da yawa ke zuba wani shuɗin launi a cikin ruwan, ta yadda idan ya zube fitsarin mutum zai koma shuɗi ko kore, ya san lokacin gudu asibiti ya yi. Cirewar kuma da minzar ake yi, da allurar barci, da wasu kayan aiki na musamman na huda shi da zuƙe ruwan da kamo shi, waɗanda ba kowane asibitin da ke da minzar ne ke ajiye su ba.

Mu ɗauka an sa wa wani ɗan kasuwar Gadarif balan-balan a Khartum a watan Janairun 2023. Tafiyar kilomita 400 ce a kan kwalta, babu wanda zai ce ya yi ganganci. Wa'adinsa Yuli. A watan Afrilu yaƙi ya tashi, cikin 'yan makonni akasarin manyan asibitocin birnin suka daina aiki, ƙwararrun likitocin ciki da suka taru a wurare irin su asibitin Ibn Sina suka watsu. In kuwa a Alƙahira aka sa masa, to a watan Yunin shekarar Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffi da a da ba a tambayarsu, mutane suka yi makonni suna layi a Wadi Halfa. Iyakar Gallabat da Metema ita ma, mai nisan kimanin kilomita 150 daga nan, an sha rufe ta ana buɗewa saboda rikicin ɓangarorin biyu.

Kada 'yan uwanmu na yamma su ce wannan matsalar Sudan ce. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. A 2020 annobar korona ta tsayar da jiragen sama na duniya baki ɗaya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi da ta Illela zuwa Ƙonni sun kasance a rufe har watan Maris na 2024. Wato a cikin shekara biyar an samu rufewa uku, kowacce ta isa ta cinye wa'adin wata shida. Mu da muka san yadda kaya ke ruɓewa a mota a bakin shinge, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan kayan da ke cikin tumbi ba.

Masu talla za su ce ai akwai wanda ba a cirewa. Gaskiya ne, akwai na kamfanin Allurion da ake haɗiya kamar ƙwayar magani da siririn bututu a jikinsa, a ɗauki hoton ciki a tabbatar ya sauka, a cika shi da ruwa kimanin mililita 550, bayan kamar wata huɗu ya buɗe da kansa ya fita da bayan gida. A ido shi ya fi dacewa da matafiyi. To amma a watan Agustan 2024 hukumar magunguna ta Faransa ta dakatar da sayar da shi saboda rahotannin toshewar hanji da ɓulewar tumbi, da kuma sakacin bibiyar marasa lafiya, ba ta ɗage dakatarwar ba sai a Fabrairun 2025 bayan kamfanin ya yi gyare-gyare. Idan a Faransa bibiya ta zama abin damuwa, ina ga wanda zai haɗiya yau gobe ya hau mota zuwa Gallabat?

Akwai wasu dabarun na minzar da mai karatu zai iya cin karo da su. Ɗaya wata doguwar riga ce ta roba mai tsawon santimita 60, EndoBarrier, da ake maƙalawa a farkon hanji don abinci ya wuce bai taɓa bangon ba. Ta nuna tasiri a kan sukari, amma a 2015 aka tsayar da babban gwajinta a Amurka bayan mutum bakwai sun yi ƙurji a hanta. Ɗayar kuma, wadda ta fi ƙarfi, ɗinki ne. Likita zai shiga da minzar mai allura a baki ya tattare tumbin daga ciki kamar yadda tela ke rage faɗin riga, ya koma siriri. Dokta Barham Abu Dayyeh, wanda a lokacin yake asibitin Mayo da ke Amurka, shi ne ya fara bayyana ta a 2013, kuma gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2022 a kan mutum 209 ya nuna ragin kashi 13.6 cikin 100 a shekara guda, waɗanda ba a yi wa ba kuwa ko kashi 1 ba su kai ba. Wannan ba ta da ranar cirewa, amma ta fi tsada, kuma masu hannun yin ta ba su da yawa.

Ba kowane ciki ke ɗauka ba

An tsara balan-balan ne don wanda ma'aunin BMI ɗinsa ke tsakanin 30 da 40, wanda kuma ya gwada tsarin abinci bai ci nasara ba. Lissafin shi ne a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Alal misali mai kilo 95 da tsawon mita 1.70 zai tashi da kusan 33. Ba a sa wa mai juna biyu, ko wanda aka taɓa yi wa tiyata a tumbi, ko mai gyambon ciki, ko wanda bakin tumbinsa ya zame sama sosai, ko mai ciwon hanta mai tsanani.

Abubuwa biyu a nan sun shafe mu fiye da Bature. Na farko tsargiya. Duk wanda ya yi ƙuruciya yana wanka a magudanan ruwan Jazira ko Rahad ko Sabuwar Halfa, ko a madatsun ruwan ƙasar Hausa, yana iya ɗauke da tsargiyar hanji da ta taurara masa hanta a ɓoye, jijiyoyin maƙoshi suka kumbura suna jiran abin da zai fasa su. A Sudan wannan na cikin manyan dalilan aman jini. Mai irin wannan jijiyoyi ba a sa masa balan-balan sam, kuma shi ya sa wanda ake haɗiya ba tare da an leƙa ciki ba yake buƙatar ƙarin hattara a wurinmu. Likitan Istanbul ba lallai ya tambaye ka tsargiya ba, kai ne za ka faɗa masa.

Na biyu ƙwayoyin ciwon jiki. Diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda muke saye a teburin mai magani mu watsa bayan doguwar tafiya, haramun ne ga mai balan-balan muddin yana ciki, domin suna cin bangon tumbi a daidai inda robar ke gogawa. A maimakonsu ma kullum sai ya sha maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole har ranar cirewa, wato wani kuɗin ne da wata jigilar.

A ganinmu, ga akasarin 'yan kasuwar bakin iyaka, cinikin nan na biri a sama ne, kuma akwai abin da ya fi shi araha da aka tabbatar. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar ƙasa ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, maganin metformin kuma ya rage da kashi 31. Minti 150 a mako bai wuce rabin awa sau biyar ba, kamar daga gida zuwa rumfa ne idan an ƙyale raksha. A Birtaniya kuma, binciken DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon sukarin da bai daɗe ba sun koma ba sa buƙatar magani bayan shekara guda ta hanyar tsauraran matakan rage abinci a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 kuwa kusan tara cikin goma ne. Allurar mako-mako irin su Ozempic da Wegovy na sauke nauyi, Wegovy kimanin kashi 15, sai dai suna son firji da kuɗi ba yankewa, nauyin na dawowa idan an daina, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu da aka kama a kasuwa. Masu ƙiba mai tsananin gaske kuwa, har yanzu tiyata ce ta fi yi musu aiki mai ɗorewa.

Duk da haka ba mu ce babu wanda balan-balan ya dace da shi ba. Mutumin da ke da ɗa ko shago a Alƙahira ko Jidda, wanda zai iya zama a can tsawon wa'adin ko yake da takardar shiga da fita a hannu, lissafinsa daban ne. Shi ma kada ya biya sai an gaya masa ko kuɗin ya haɗa da na cirewa da na ganin masanin abinci, sai ya kuma sami likitan ciki a kusa da gida wanda ya gani da idonsa ya amsa cewa zai iya cirewa idan ta ɓaci. Ya tsaya aƙalla mako biyu kusa da asibitin kafin ya kama hanya. Kada a sa dab da azumi ko a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu, domin amai da ƙishirwa idan suka haɗu ƙoda ce ke biya, mai shan maganin sukari kuma dole a sake masa awon maganin tunda cinsa zai ragu. Ciwon ciki mai tsanani, ko kumburi, ko aman da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, ko fitsari ya sauya launi, ko yunwa ta dawo farat ɗaya, duk ba na jira zuwa gobe ba ne.

Sannan ya karɓi takarda daga asibitin, da Larabci da Turanci, mai ɗauke da sunan balan-balan ɗin da yawan ruwan da aka zuba, da ko an sa shuɗin launi, da ranar sawa da ranar cirewa da lambar wayar likitan. Ya ɗauki hotonta a waya, ya bai wa uwargida ko babban yaron shago kwafi ɗaya, ɗayar kuma ta zauna a cikin fasfo.